A Inuwar Tsamiyar Ilu

Yanzu a Tamanrasset mutum ya murɗa famfo sai ruwa ya zubo. An ce daga can arewa mai nisa ake turo shi cikin bututu, kuma jikokina sukan bar shi yana tsiyaya suna hira, kamar ubansu ne ya haƙa rijiyar. Shi ya sa idan na ce musu an yi zamanin da mutum ke tara jama'a a garin nan da labarin ruwa kawai, ba kiɗa ba waƙa, sai su dubi juna irin duban da ake yi idan tsoho ya fara. Lokacin da fari ya koro mu daga kudu, garin bai wuce ƴan unguwanni na jan laka ba, da duwatsu kewaye da shi kamar an jera haƙoran raƙumi, da wata korama wadda na shekara ina tsallaka ta kafin na ga ruwa a cikinta. Motar ruwa muke jira. Da ta yi ham daga nesa sai ka ji ƙarar jarkoki na karo da juna, mata na kiran ƴaƴansu da Hausa da Larabci da harshen Buzaye. Wanka sai Juma'a, shi ma da buta, kana yi kana jin kamar sata kake.

Wanda ya ci sarautar baki a wannan zamani taubashina ne, Ilu, ɗan goggona. Tare muka tashi a wani ƙauye na ƙasar Damagaram da ke bakin tafki, tare kuma muka hau kamiyo guda, babbar motar kaya, muka zo nan. Ni na yi lekkol, makarantar boko, har na koyar a cikinta, shi ya sa yake ce mini Mushe, wato malamin makaranta. Da muka iso na fara aiki a buro, wato ofishin masu gyaran hanya, a In Amguel, daga baya na dawo gari ina cika wa wani ɗan kasuwa takardun dowan, wato kwastan. Shi kuwa ya kafa rumfa a kasuwar Assihar yana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na fi shi karatu, na fi shi tsawo, na fi shi kyan haƙora, kuma duk wannan bai taɓa musu ba. Abu guda ya fi ni: yana da itace a tsibiri, ni ba ni da shi.

Tsibirin ba wani babba ba ne. Mai ƙarfin murya in ya yi kira daga wannan gefe, na can gefen zai amsa. Yana tsakiyar tafkinmu, daga gaɓa kamar an kife ƙwarya mai launin ganye a kan ruwa. Gabaruwa ce ta kewaye bakinsa, tana tsaye ƙafa cikin ruwa rabin shekara, a bayanta kuma tsamiya da kanya da ɗorawa da faru sun cunkushe har rana ba ta samun wurin sauka, sai giginya biyu ko uku da suka leƙo sama kamar masu gadi. Akuya ba ta taɓa taka shi ba, gatari bai taɓa shiga don itacen wuta ba. Da almuru belbelu ke dawowa kwana, rundunoni rundunoni, har itatuwan su yi fari fat kamar an shanya wankin gari duka, ga hayaniyarsu kamar kasuwa ta ci. In sun yi shiru kwaɗi su karɓa. Ban taɓa jin wani wuri mai surutu da kwanciyar hankali a lokaci guda irinsa ba, kuma duk daga gaɓa na ji.

Kakarmu ta ce da can tudun yashi ne tsirara, da kuka guda a kansa. A zamanin mahara, idan aka hango ƙura, can ake tsallakar da mata da jarirai a kan gora, maza su tsaya. Wata rana wata mata ta haihu a gindin kukar. Da cibiyar yaron ta faɗi aka binne ta a wurin, uwar ta tura ƙwallon tsamiya a kai don ta gane wurin. Yaron ya rayu, tsamiyar ta rayu, sai kowace mai jego ta ce ita ma haka za a yi mata. Dajin nan duka da hannu aka shuka shi, kowane itace mutum ne, kuma da sunan mai shi ake kiransa: kanyar Mairo, ɗorawar Ɗan Baba. Mutum ya mutu ba a sare itacensa, reshe kawai ake yankowa a rufe masa kabari da shi. Dokar kuma guda ce, tsofaffin matan gari ke riƙe da ita: wanda ba shi da itace ba ya taka tsibiri.

Ni kuwa mahaifina kuku ne a gidan kumandan na Nasara a Damagaram, sai aka haife ni a likita, wato asibiti, abin da a lokacin ake ganin ci gaba ne. Cibiyata ta faɗi a hannun wata madam mai karɓar haihuwa, ta naɗe ta da auduga ta jefa inda ake jefa irin waɗannan abubuwa. Da aka kawo ni ƙauye kakarmu ta kai wa tsofaffin gashin askin sunana, ta roƙa a karɓa a madadi. Suka ce gashi kowa ke zubarwa kowane wata. Ta dawo da shi a ƙulle a bakin zane. Har ta rasu, in na karanta mata wani abu ta ji daɗi, sai ta shafa kaina ta ce, “Ɗan likita, Allah ya ba ka kai, bai ba ka saiwa ba.”

Bayan girbi ake ranar kaɗar tsamiya. Tun hantsi za ka ga gari ya gangaro bakin ruwa, kowa ya kifa ƙirji a kan gorarsa yana tuƙi da hannu, yara na ihu, ƴan mata sun ɗora kwanduna a ka. Aikina a ranar shi ne shayar da awakin gidaje da yankan kaba, ni da matan da aka auro daga wasu garuruwa. Da yamma Ilu zai fito yana ɗiga, jikinsa na wani ƙamshi na ruɓaɓɓen ganye da sanyi wanda babu shi a ko'ina a gaɓa, ya miƙo mini tsamiya ya ce, “Ungo, daga tawa ce. Ka ci a hankali, kada ta gane baƙo ne.” Nakan ci. Yunwa ba ta san zuciya ba a wannan shekarun.

Na ɗauka idan muka sa Sahara tsakaninmu da tafkin magana ta ƙare, tunda a nan duk baƙi ne mu, kowa takardarsa a aljihu. Ashe nan ne za ta fara. Ranar Juma'a bayan la'asar mutanen Nijar kan taru a cikin busasshiyar koramar, a ƙarƙashin itatuwan nan masu zubar da ƙura mai gishiri: Damagarawa, mutanen Maraɗi, Agadasawa, da wasu Buzaye masu jin Hausa. Ana dafa shayi, sai wani ya ce, “Ilu, kai mu tsibiri.” Shi ke nan. Ya gyara zama ya fara da sanyin laka a tafin ƙafa, da yadda guza ke faɗawa ruwa tsulum, da yadda ake kwanciya a gindin tsamiyarsa ganye na zubo wa mutum a fuska. Mutanen da suka wuni suna sauke buhunan siminti sai ka ga sun lumshe ido. Yau akwatin hoto, wato talabijin, ke yi wa mutane wannan aiki, kuma ba na jin yana yi kamarsa, ko da yake wannan yabo ne da ban taɓa furtawa a gaban Ilu ba.

Ni ma ina da tafkuna. Na san sunayen manyan tafkunan duniya da ƙasashen da suke, na taɓa gwada kawo su a zaman. Aka saurare ni da ladabi irin wanda ake yi wa mai sanarwa. Sai wani dattijon Buzu ya juyo ya ce, “Kai kuma, ɗan'uwansa, wane itace ne naka?”

Kafin in buɗe baki Ilu ya ce, “Mushe? Ai shi babban mutum ne, Baba. Mu a ƙasa aka shuka mu, shi a kwandon sharar Nasara. In ya mutu dai zan ara masa reshe biyu, don kada a rufe shi da katakon lekkol.”

Aka yi dariya har shayi ya zube. Tsakanin taubasai ba a fushi, doka ce ita ma, don haka na ce masa bawana ne tun kaka da kakanni, na yi dariyata daidai gwargwado.

Washegari na tafi wurin Malam, wani dattijo mutumin Tasawa da ke koyar da yaran unguwa Alƙur'ani. Na shimfiɗa masa al'adar daki-daki, na tambaya, don neman sani kawai, ko wannan ba bidi'a ba ce da ya kamata a ja kunnen masu yaɗa ta. Malam ya saurara yana gyara alƙalami. Ya ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ya fi, shuka itace kuma alheri ne da tsuntsu ma ke amfana, matuƙar ba a roƙon itacen komi. Sannan ya ɗago ya ce, “Mushe, kai naka wane iri ne?” Na yi masa sallama.

Shekaru kaɗan bayan haka na yi aure, ƴar wani ɗan kasuwa Ba'agadashe, aka haifa mini ɗan fari. A gida aka haife shi, ni na dage, mutumin da ya sha yi wa jama'a wa'azin amfanin likita. Kafin suna cibiyar ta faɗi. Ungozoma za ta fita da ita na tare ƙofa na karɓa, na naɗe a farin ƙyalle na kai wa baduku ya ɗinke cikin fata.

Mai ɗakina ta ce, “Maigida, kai da ka yi lekkol? Ga yashi nan har bakin duniya, a binne a nan mana.”

Na ce yashin nan ba ya riƙe ko sawun raƙumi.

Ta ce, “To wa zai kai? Ka ce kai ba ka shiga tsibirin.”

Ta san amsar, so take ta ji ta daga bakina. A duk Tamanrasset mutum guda ne ke da itace a tsibirinmu.

Na same shi a rumfa yana tankaɗe kuka. Na zauna, na tambayi kasuwa, na tambayi sanyi, na yabi daddawarsa wadda ban taɓa yabo ba. Ya ajiye rariya ya ce, “Mushe, ko dai mutuwa za ka yi ko roƙo. Wanne ne?”

Na ɗora fatar a kan buhu. Ya dube ta, bai taɓa ba.

Sai ya ce, “Ka san yadda ake yi?”

“A inuwar uba ake shukawa.”

“To ina inuwar taka?”

“Ta mahaifina tana nan. Ɗorawa ce, ka san ta.”

“Na san ta. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Matacce ba ya ban-ruwa. Tsofaffin nan ba za su karɓa ba sai a inuwar mai rai, wanda zai tsaya mata har ta kama.” Ya kakkaɓe hannu. “Sai dai a tawa.”

Na san haka tun kafin in fito daga gida. Na karanta abin da ya isa in gane lokacin da ba ni da hujja. Duk da haka na zauna ina kallon ƙudaje a kan daddawa, ina auna abu biyu: yaron ya tashi yana shayar da awaki ranar kaɗar tsamiya kamar ubansa, ko ya shiga tsibiri ta ƙofar Ilu. Na ce, “A taka ɗin.”

Ya rataya fatar a wuya kamar laya, ya bar wa maƙwabcinsa rumfa, ya hau kamiyon da ke gangarawa In Gezam, kan iyakar Nijar. Ya ce mini daga saman kaya, “Ka gaida mini mai jego, ka ce ɗana yana hannu mai kyau.” Na ɗauka zolaya ce.

Ya yi alkawarin wata guda, sai da damina ta wuce ya dawo, ya rame ya yi baƙi. Juma'ar da ta biyo baya koramar ba ta ɗauki mutane ba. Ilu ya ba da labarin jandarman da ya tsare su a kan iyaka, ya taɓa fatar ya tambayi mene ne a ciki, shi kuma ya ce masa fasinja ne, yaro ne bai isa takarda ba. Ya ce ya tarar tafkin ya ja baya har gabaruwa ta bushe ƙafa, gora na gogar laka. Tsofaffin suka sa ya tsaya da la'asar a ga inda kan inuwar tsamiyarsa ke kaiwa, nan aka haƙa, aka binne, aka sa ƙwallon kanya. Da ruwan sama ya yi jinkiri ya zauna yana ɗebowa da tulu safe da yamma har ta fito ta yi ganye, ya kewaye ta da ƙaya saboda guza.

Wani ya ce, “Me aka sa mata?”

Ilu ya ce, “Kanyar ɗan Ilu.”

Jama'a suka juya gare shi suna barka, barka, Allah ya raya. Dattijon Buzun nan har ya tashi ya ba shi hannu. Ina zaune a gefensa, gwiwata na taɓa tasa.

Na ce, “Ɗana ne fa.”

Ya ce, “A nan naka ne, Mushe, kai ke sayen madara. A tsibiri nawa ne.”

Na yi masa godiya a gaban mutane da kalmomi masu kyau, don na iya su, kuma ya cancanta. Mutum ya bar rumfarsa wata da watanni yana jan tulu saboda ɗan wani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ko laifin da zan riƙe bai bar mini ba.

Yaron ya tashi yana kiransa Baba Ilu, ni kuma Baba, wato kalma guda ce tsakaninmu, shi har da ƙari. In kamiyo ya iso daga kudu, rumfa yake gudu ya ji labarin kanyarsa: ta kai gwiwa, ta kai kafaɗa, belbela ta fara sauka a kanta. Da fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni, direbobi suka ce tafkin ya kafe ta gefe guda har awaki na shiga da ƙafa, itatuwa da yawa sun mutu a tsaye. Na yi addu'a a wannan shekara kamar ban taɓa yi ba, Allah ya bar kanyar nan. Ban taɓa roƙon ya kayar da tsamiyar Ilu ba. Na dai lura ban taɓa roƙon ya bar ta ba. Dukansu suka tsira.

Sai na riƙe wani ɗan abu da na gani a littafin tsirrai: kanya akwai mace akwai namiji, namijin kuwa ba ya ƴaƴa har abada. A al'adarmu ƴaƴan farko na itace ba mai itacen ake kai wa ba, mai inuwa ake kai wa, ya fara ci sannan ya ba yaro. Na ce a raina in namiji ce, an yi inuwa an huta, ba wani biki kuma. Ban gaya wa kowa ba. Na yi shekaru ina jin daɗin wannan shafi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, yaron ya fara tsawo har yana sa tsofaffin takalmana, ina zaune a ƙofar gida da takardun dowan a cinya, sai ga shi da gudu, hannunsa a dunƙule. Ya ce wani direba ya kawo ƙulli daga gida, tsofaffi suka aiko, a rumfa aka sauke shi. Baba Ilu ya ci, ya ba shi ya ci, Malam ya sa albarka, har dattijon Buzu ya samu. Ya buɗe hannun. Kanya guda ce, busasshiya, ta yamutse da tafiyar Sahara.

Ya ce, “Baba Ilu ya ce a ɗanɗana wa Mushe.”

Na karɓa na sa a baki, yana tsaye yana kallon fuskata. Na tauna a hankali ina neman tsami, ko ɗaci, ko tsutsa, wani abu dai da zan aika wa Ilu da shi.

Ya ce, “Baba, yaya?”

Zaƙi gare ta. Har yau ban yafe mata ba.